Ciwon Haƙori: Jinkiri Ne Ke Ninka Kuɗin Magani

LEGAS – Ɗan kasuwar da ba ya yarda rumfarsa ta kwana da yoyo, sau da yawa shi ne zai yi wata shida yana danne ciwon haƙori da ƙwayar kantin magani, sai ran da kunci ya kumbura, ciniki ya gagara, sannan ya nemi likita. A lokacin kuwa kuɗin aikin ya riga ya ninka.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 3,500 ne ke fama da cututtukan baki. An ƙiyasta cewa a 2019 duniya ta kashe dala biliyan 387 wajen maganinsu, ban da asarar aiki ta kimanin dala biliyan 323.

Ruɓewar haƙori ita ce kan gaba. Ƙwayoyin cuta na baki suna mayar da sukari tsami, tsamin kuma ya riƙa cin ɓawon haƙori har ya yi kogo. Da fari babu zafi. Likita yakan gano shi da ɗan madubi da tsinken ƙarfe, ko da hoto idan ya ɓuya a tsakanin haƙora, kuma ciko na zama ɗaya ya wadatar. Idan aka bari ya kai ga jijiya, to sai dai a kwashe jijiyar a cike gurbinta, aikin da yakan ci zama biyu ko uku, a kuma ɗora wa haƙorin hula. Ko kuma a cire shi ɗungurum. Cirewa ce mutane suka fi zaɓa don ta fi araha a ranar, amma gurbin da ta bari yakan sa maƙwabtan haƙora su karkace, daga baya a sayi na roba.

Ciwon dasashi ya fi wannan ɓoye kansa. Alamarsa jini yayin goge baki. Kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora yakan tsayar da shi, amma in ya ci ƙashin da ke riƙe da su, ba ya komawa yadda yake. Masu ciwon sukari da mashaya taba su ne ya fi yi wa lahani.

Tsadar kuwa tana da nasaba da canji. Kujerar aiki, allurar kashe zafi da kayan ciko, akasarinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, saboda haka sakin darajar Naira da aka yi a watan Yunin 2023 ya hau kan marar lafiya kai tsaye. Mafi yawan 'yan kasuwa daga aljihu suke biya, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa. Wanda ya shiga inshorar ma ya kyautu ya tambaya tun da wuri ko ta haɗa da aikin jijiya da haƙorin roba.

Gwamnati ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021. Harajin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi farashin kwalbar, da wuya ya hana wani sha. Abin da ya fi tasiri yana hannun masu kanti da dillalai: man goge baki mai sinadarin fulorayid, wanda hukumar ta duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Asuwaki yana share datti, amma ba ya maye gurbin wannan sinadari, don haka dillali ya duba jikin kwali kafin ya saro.