Kwamfaresa: Yadda masu jita ke ɗaga sauti da na'urar da aka ƙera don danne shi

Duk wanda ke kaɗa jitar lantarki a cikin ƙungiya ya san wannan lokacin. Mawaƙi ya yi shiru, an bar wa mai jita fili na 'yan daƙiƙu, amma ganguna da jitar bas sun danne shi. Jama'a na ganin yatsunsa na gudu a kan tsirkiya, kunnuwansu kuma ba sa samun komai.

Ba zai ajiye kiɗa ya koma wurin amfilifaya ya murɗa ba, domin hannayensa biyu suna kan aiki. Shi ya sa ake amfani da ƙananan na'urorin da ake jerawa a ƙasa ana takawa da ƙafa.

Akwai wadda aka yi musamman don ƙara sauti, kamar LPB-1 da kamfanin Electro-Harmonix na birnin New York ya fitar a ƙarshen shekarun 1960. Sai dai ba kowa ne ke da kuɗin sayen na'ura ɗaya don aiki ɗaya ba, saboda haka da yawa sukan ɗora wannan nauyi a kan kwamfaresar da suke da ita.

Wannan kwamfaresa ba irin ta firji ko ta mai faci ba ce. Aikinta daidaita sauti: idan an bugi tsirkiya da ƙarfi ta rage, idan sautin ya fara mutuwa ta tallafe shi ya daɗe. Tun da tana rage wani abu, masu ƙera ta suka sa mata abin murɗawa da ke mayar da ƙarfin da aka rasa. A nan dabarar take, domin a yawancinsu abin murɗawar yana iya ba da fiye da abin da aka rage.

Misali shi ne jar na'urar nan Dyna Comp, wadda kamfanin MXR na Amurka ya fitar a shekarun 1970, kuma masu kiɗan kantiri na birnin Nashville suka rungume ta. Abubuwan murɗawa biyu kacal gare ta. Mai son ƙarin sauti yakan sauke wanda aka rubuta wa Sensitivity ƙasa, ya ɗaga na Output har sai sautin ya fi yadda yake idan na'urar tana kashe. A kan CS-3 ta kamfanin Boss na Japan, wadda ta fito a 1986, Sustain ake saukewa a ɗaga Level.

Ba a buƙatar ƙari mai yawa. Desibel 6 na nufin ƙarfin siginar lantarkin ya ninka sau biyu, ko da yake kunnen mutum sai an kai kusan desibel 10 kafin ya ji kamar sautin ya ninka. Desibel kaɗan sukan isa a fito da jita daga cikin cunkoso.

Akwai ma inda kwamfaresa ta fi na'urar ƙara sauti zalla. Kunne ba ya auna ƙarfin kiɗa da bugun farko mai kaifi, ya fi kula da matsakaicin sautin da ke zaune. Kwamfaresa tana ɗaga wannan matsakaicin tana kuma riƙe kaifin, don haka ana jin jitar sosai ba tare da lasifika ta yi tsawa ba. Ga mai kiɗa da ƙaramar amfilifaya a filin biki, irin yadda ake gani a Agadez ta Jamhuriyar Nijar inda jitar lantarki ta zama kiɗan aure, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma kiran sautin da "tsabtatacce" akwai ƙari a ciki.

Dyna Comp da 'yan uwanta, da aka gina a kan ɗan guntun lantarki mai lamba CA3080, ba sa daina matse sauti ko an sauke abin murɗawar har ƙarshe. Bugun farko na tsirkiya yakan fito a dunƙule, kamar an sa masa hula. Wasu wannan sautin suke nema. Wanda kuwa ya saba bayyana fushi da lallashi ta ƙarfin hannunsa zai ji an ƙwace masa wani abu, domin bugu mai ƙarfi da mai taushi sun kusa zama ɗaya.

Saboda wannan ƙorafi ne sababbin na'urori, irin su Compressor Plus ta kamfanin Keeley da ke jihar Oklahoma, suka zo da abin murɗawa mai suna Blend, wanda ke cakuɗa asalin sautin jitar da wanda aka matse. Idan aka karkata shi wajen asalin sautin aka ɗaga ƙarfi, an kusanci ƙari mai tsabta.

Sai batun ƙara. Kwamfaresa ba ta bambance kiɗa da datti, duk abin da ya yi ƙasa ɗaga shi take yi. Gunjin da jitoci irin Stratocaster ke kwasowa daga fitilu, tsohuwar waya ko wutar janareta yakan taso da zarar an daina kaɗawa. Batir mai bolt 9 yakan rage gunjin da ke shigowa ta abin ba na'urar wuta, amma ba ya taɓa wanda jitar da kanta ta kwaso.

Babban abin da ke ba mutane mamaki shi ne su taka na'urar, sautin ya ƙi ƙaruwa. Galibi laifin ba nata ba ne. Kowace amfilifaya tana da iyakar abin da za ta iya fitarwa, kuma idan ta riga ta cika, ƙarin da aka tura mata kaushi yake komawa. Kamar tulu ne da ya cika, ana ƙara ruwa yana zuba. Haka abin yake idan an sa kwamfaresa kafin na'urar sa kaushi: kaushin ne zai ƙaru, ƙarfin ya tsaya inda yake. Idan aka mayar da ita bayanta sautin zai tashi, amma tare da duk shuu ɗin da na'urar kaushin ta tara.

Shi ya sa gogaggun masu kiɗa ba sa saita ta a ɗaki su kaɗai. A ɗaki, amfilifaya tana ƙasa, tana da sauran fili, kowane ƙari yana fitowa sarai. A wurin taro an riga an murɗe ta kusan ƙarshe don ta yi gogayya da ganguna. Sukan jira lokacin gwajin sauti, mai ganga yana bugawa da ƙarfin da zai yi kiɗan gaske, su taka su kashe sau da yawa, wani kuma yana tsaye can bayan fili yana saurare. Idan bai ji bambanci ba, sai a rage amfilifaya kaɗan a bar wa kwamfaresar wurin hawa.