Hanyoyin Bayyana Rabo a Hausa: Ninki da Kalmomin 'Kowane' da 'Duk'

1.0 Gabatarwa

Harsuna kan tanadi hanya fiye da ɗaya ta faɗin adadin da ya hau kan abu guda. Harshen Japan, alal misali, yana rarrabe zutsu, mai nuna kason da aka raba, da atari, mai nuna ma'aunin da aka yi rabon a kansa. Wannan maƙala ta duba yadda Hausa take yin wannan bambanci, bisa irin maganganun ciniki da ake ji a Vinikilang, ƙetaren kogin Binuwai daga Jimeta, inda Hausa take harshen hulɗa tsakanin Fulani da Bata da sauran al'ummomi.

2.0 Ninki

Ninki yana hawa kan kason ne, ba kan ma'aunin ba:

(1) Kifin nan nawa ne?
(2) Kifin nan nawa-nawa ne?

Jimla ta (1) kuɗin tarin gaba ɗaya take nema, ta (2) kuwa kuɗin kowane guda. Idan adadin mai kalmomi da yawa ne, kalmar ƙarshe kaɗai ake maimaitawa: goma sha biyu-biyu, ɗari da hamsin-hamsin. Fillanci ma yana ninka adadi, kamar ɗiɗi ɗiɗi da tati tati, don haka wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bafillace.

3.0 'Kowane' da 'Duk'

Waɗannan kalmomi ma'aunin suke fayyacewa. 'Kowane' tana bin jinsi (kowane mudu, kowace tiya), kuma ba ta da harshen damo. 'Duk' ba ta bin jinsi, ma'anarta kuma takan sauya da sigar sunan da ya biyo ta:

(3) Duk buhu naira dubu goma.
(4) Duk buhunan naira dubu goma.

A (3) sunan tilo ne marar madanganci, saboda haka farashin buhu ɗaya ake nufi. A (4) jam'i da madanganci sun mayar da shi jimillar kuɗi. Mai sayen da ya ɗauki (3) a matsayin (4) lalle ne su yi sa-in-sa da mai kaya wajen biya.

4.0 Kammalawa

Ninki kaso yake nunawa, 'kowane' da 'duk' kuwa ma'auni. Shi ya sa sukan haɗu a jimla ɗaya ba tare da maimaici ba: ƙwaya biyu-biyu duk bayan awa shida. A umarnin shan magani irin wannan, sauke ɗayansu na iya rage wa majiyyaci rabin bayanin da yake bukata.