Kaza da Daddawar Sinawa

Yara, duk wanda ya tashi a Dutsi, ko a wani gari na ƙasar Daura, ba ya bukatar a tsaya ana kwatanta masa daddawa. Tun kuna goye kuke jin ƙanshinta a miyar kuka da ta kuɓewa. In an yi miya ba a sa ta ba, ko ɗan yaye ya ɗanɗana ya san da abin da ya ɓace.

To, ashe ba mu kaɗai ke da daddawa a duniya ba. Can gabas mai nisa, gaba da ƙasar Hindu, akwai wata babbar ƙasa da ake kira Sin, mutanenta sun fi miliyan 1,400. Su ma suna da tasu daddawar, da ita suke dafa kaza irin dahuwar da ta yi suna ko'ina. Yau za mu ga yadda suke yinta, da yadda mu ma za mu iya dafa kazarmu haka a gida, da kayan kasuwarmu.

Bari mu fara da tamu, don a gane tasu. Kun san kalwa, watau ƙwayar da ke cikin 'ya'yan ɗorawa. Mata sukan dafa ta ta yini a wuta, su surfa, su wanke, su sāke dafawa. Sa'an nan su zuba ta a kwando ko ƙwarya, su lulluɓe, su ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. In aka buɗe sai a tarar ta yi laushi, ta yi duhu, ta yi wari. Daga nan sai a kirɓa, a mulmula, a shanya. Haka kuma ake yin daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Abin da ya sāke kalwar cikin kwanakin nan uku waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu ne waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke narka ƙarfin ƙwayar, su fito da daɗin da ke ɓoye cikinta.

Sinawa ba su da ɗorawa, waken soya gare su. Waken nan kuwa ba baƙonku ba ne, da shi ake yin awarar da kuke saye a bakin makaranta, ita ma dabarar yinta daga Sin ta samo asali. Sun daɗe ƙwarai suna tsima shi. A shekarar 1972 an tone wani tsohon kabari kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe fiye da shekara 2,100 da suka wuce, aka sami tsimammen wake a cikin kayan da aka binne tare da mai kabarin.

Ga yadda suke yin mai ruwa-ruwa, wadda ita ce muke magana a kanta. Sukan jiƙa wake su turara shi, su cuɗa da alkama, su baza a faifai har wata irin hunhuna mai amfani ta rufe shi. Sa'an nan su juye cikin manyan randuna, su zuba ruwan gishiri mai yawa, su jera randunan a rana. Tamu kwana uku take yi, tasu kuwa sai ta yi wata da watanni, wata ma ta shekara. In ta nuna sai su tace, su sami wani baƙin ruwa mai ƙanshi, wanda da ka ɗiga a harshe za ka ji gishiri da daɗi irin na romon nama. Su suna kiransa jiangyou, a kantunan Kano da Katsina kuwa ana sayar da shi cikin kwalba da sunan soya sos.

Me ya sa daddawa da soya sos duka suke ƙara wa abinci daɗi? Wani masani na ƙasar Japan, mai suna Kikunae Ikeda, shi ya gano dalili a shekarar 1908. Ya bincika romon wani ganyen teku da mutanensu ke sha, ya ware wani sinadari da ke ba shi daɗi. Sinadarin nan yana cikin tumatir nunanne, da busasshen kifi, da daddawa, da soya sos. Shi ne kuma aka sarrafa ya zama farin magin da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle. Kun ga ke nan kakanninmu da kakannin Sinawa, ba su taɓa ganin juna ba, amma kowa ya bi hanyarsa ya iso wuri ɗaya.

Yanzu sai mu zo ga kaza. Mu a nan in an yanka kaza akan yi ta gaɓa-gaɓa, a tafasa, a soya, a sāke jefa ta a miya. Aikin nan yana cin itace, ga shi kuwa kowa ya san yadda itace ya yi wuya a ƙasarmu. Inda iyayenku suka yi itace a bayan gari suna yara, yau fili ne, iccen girki sai da kuɗi. Har wa yau, a gida mai mutum goma, kaza ɗaya ba ta zagayawa. In maigida ya ɗauki cinya, baƙo ya ɗauki cinya, sai a bar yara da wuya da ƙafafu.

Talakawan Sin ma sun sha fama da ƙarancin itace da na nama, sai suka yi dabara. Sukan zare tsokar kaza daga ƙashi, su yanka ta ƙanana-ƙanana, su soya cikin kasko mai zafi ƙwarai tare da ganyaye masu yawa. Ƙaramar tsoka ba ta daɗewa a wuta, saboda zafi yana ratsa ta nan da nan. Kuma in nama ya gauraya da albasa da tattasai, kowa ya ɗebi cokali sai ya sami rabonsa. Kaskon nasu mai zurfin tsakiya ne, kamar dai kaskon ƙarfe na tuyar ƙosai. Wutar da ake so kuwa mai harshe ce, mai ci da sauri, irin ta karan dawa ko na gero, wanda ba a rasa shi a gidan manomi.

A lardin Sichuan na ƙasar Sin akwai wata shahararriyar dahuwar kaza da ake yi da gyaɗa da busasshen barkono. Ita ta fi dacewa da mu, tun da yake gyaɗa amfanin gonarmu ce. Ga yadda za a yi irinta.

A sami sagarar kaza ko ɗan zakara, ko kazar gidan gona, don namansu ya fi taushi. Bayan an yanka, an fige, an wanke, sai a zare tsokar a yanka ta kamar girman dabino. Ƙasusuwan kada a yar, a tafasa su daban a sami romo. A zuba wa tsokar soya sos babban cokali 2, da garin sitaci na rogo ko na masara cokali 1, a cuɗa, a rufe, a bar ta kamar minti 15. Sitacin nan shi ke lulluɓe naman, ya hana ruwan jikinsa tsiyayewa, don haka ba ya bushewa a wuta.

Kafin nan sai a haɗa ruwan miyar a kwano: soya sos cokali 3, ruwan tsamiya mai kauri cokali 2, zuma ko mazarƙwaila cokali 1, romo rabin kofi, da sitaci ƙaramin cokali 1. Sinawa ruwan tsami na shinkafa suke sawa, amma tsamiyarmu ta isa ta tsaya a madadinsa. Ku lura da hikimar haɗin nan: ga gishiri, ga tsami, ga zaƙi, yaji kuma yana tafe. Gwanar girki a wurinsu ita ce wadda ta daidaita huɗun nan, ba wanda ya danne ɗan'uwansa.

Sa'an nan a yanka ɗanyar citta kamar girman babban yatsa, da tafarnuwa ƙwaya 4, da albasa 2 tare da lawashinsu, da tattasai 3. A ajiye busasshen barkono kaɗan, da soyayyar gyaɗa tafi ɗaya wadda aka murje. Lalle ne a gama wannan shiri duka kafin a hura wuta, gama in kasko ya yi zafi babu sauran damar zuwa neman wuƙa.

To, sai a aza kasko, a bar shi ya yi zafi sosai, a zuba man gyaɗa ludayi ɗaya. A jefa barkono da citta da tafarnuwa, a juya sau biyu ko uku, da ƙanshi ya tashi sai a zuba naman. A yi ta juyawa ba tsayawa kamar minti 6, har ya sāke kama. In naman da yawa a raba shi kashi biyu, don in aka cika kasko zafinsa yakan faɗi, naman ya koma dahuwa cikin ruwansa maimakon soyuwa. Sai a zuba albasa da tattasai, a juya minti 2. A motsa ruwan miyar nan, don sitaci yakan kwanta a ƙasa, a kwarara shi a kai. Nan take za ku ga ya yi kauri, ya kama naman yana ƙyalli. A watsa gyaɗa da lawashi, in da riɗi a barbaɗa, a sauke. Tun daga aza kasko har saukewa bai wuce minti 12 ba. Ana ci da dafaffiyar shinkafa ko taliya, kuma ba ta ƙi dambu ba.

Amma fa ba kowace kaza ke yarda da gaggawa ba. Tsohuwar kazar gida wadda ta shekara uku tana tono a bola, in aka yi mata haka sai a ji ta kamar ƙirgi. Ita ma Sinawa suna da hanyarta, wadda suke kira jar dahuwa. A yanka ta gaɓa-gaɓa, a ɗan soya da citta da tafarnuwa, a zuba soya sos cokali 5, da mazarƙwaila, da kirfa, da kanumfari ƙwaya 3, da ruwa daidai kan nama. A rufe tukunya, a janye itace a bar garwashi, ta yi ta ɓararraka a hankali awa ɗaya ko fiye, har ruwan ya tsotse, naman ya yi ja ya yi laushi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Watakila wani zai ce, “Malam, mu a ƙauyenmu ina za mu ga kwalbar nan?” Wannan ba abin damuwa ba ne. A daka daddawa guda 2, a jiƙa da ruwan zafi kofi ɗaya da gishiri, a bari ta tsimu, a tace da rariya mai laushi. A ɗan narka sukari a kasko har ya yi ja, a juye ruwan daddawar a kai. Ɗanɗanonsa ba zai zama daidai da na kwalba ba, kama da wane ba ta wane, amma zai yi aikin, kuma kuɗin yana gida.

Akwai abu huɗu da za ku riƙe. Na fari, soya sos gishiri gare shi ƙwarai, wajen kashi ɗaya cikin shida nasa gishiri ne, don haka in an sa shi kada a ƙara gishiri ko magi. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, tsofaffin gida kuwa su ya fi cuta. Na biyu, Sinawa da yawa sukan zuba giyar shinkafa a girkinsu. Mu ba ruwanmu da ita, girki kuma yana yi ba tare da ita ba, gama a ƙasar Sin kanta akwai Musulmi fiye da miliyan 20 masu dafa kazarsu ba giya. Mai sayen kwalba ya karanta abin da aka rubuta a jikinta, ya nemi mai shaidar halal. Na uku, ɗanyen naman kaza yakan ɗauki ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo da amai. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da akushin da aka yanka shi a ciki, kuma kafin a sauke a tsaga tsoka mafi girma a duba, in da sauran ja a tsakiya a mai da ita wuta. Na huɗu, mai mai zafi ba abin wasa ba ne, yaro ba ya aza kasko sai da babba a kusa.

In kun koma gida yau, ku gaya wa iyayenku abin da kuka karanta. Ran da aka yanka kaza, ku ce, “Inna, don Allah a ba mu ƙirjin mu gwada dahuwar Sinawa.” Ku tara kara, ku murje gyaɗa, ku tsaya kusa ku ga yadda za ta kasance, sa'an nan ku ƙidaya mutum nawa suka sami nama.

Tambayoyi

1. Da me Hausawa ke yin daddawa, da me kuma Sinawa ke yin tasu?
2. Mene ne Kikunae Ikeda ya gano, kuma a wace shekara?
3. Kawo dalili biyu da suka sa ake yanka nama ƙanana kafin a soya.
4. Mene ne amfanin sitaci a girkin nan?
5. Don me ba a ƙara gishiri in an sa soya sos?
6. Tambayi wata tsohuwa a gidanku yadda ake daddawar batso, ka rubuta abin da ta gaya maka.