Surame: ganuwar dutse da Kanta ya bari a daji

Duk wanda ya tashi a Sabon Maci ko wani gari na gundumar Dakoro ya saba ganin ginin laka da tubali. Amma Hausawan da can sun yi gini da dutse, kuma shaidar tana nan a Surame, cikin ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato a Najeriya.

Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, shi ne ya kafa birnin a ƙarni na 16. Wajen shekarar 1516 ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai kan rabon ganima, bayan yaƙin da suka kai Agadas tare. Wanda ya bijire wa babbar daula kuwa dole ya nemi mafaka mai ƙarfi. Magina suka jera duwatsun yankin suna liƙe su da laka, ganuwa bayan ganuwa, da ƙofofi, da fadar sarki a ciki.

A farkon ƙarni na 18 sarautar ta koma Birnin Kabi, Surame ya zama kufai. Najeriya ta sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, sannan a 2007 ya shiga jerin share fage na UNESCO.

Sai dai takarda ba ta riƙe bango. Ruwan damina yana wanke lakar, saiwar itatuwa tana raba duwatsu. Dutsen da aka ɗauke don tushen gida kuma, ba mai sake sanin gurbinsa.