Bakhita, Baiwar da Ta Ce A'a

Wajen shekarar 1877 masu farautar bayi suka sace wata yarinya 'yar ƙabilar Daju daga ƙauyensu a Darfur. Tsabar firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. Ɓarayin suka laƙaba mata Bakhita, da shi kuma aka yi ta cinikinta daga El Obeid har Khartum.

A gidan wani janar Baturke ta fi ɗanɗana kuɗarta. An kira mai tsaga ta zana mata zane da gari a ƙirji da ciki da hannu, ta bi da aska, sannan aka cusa gishiri cikin raunukan don tabo ya zauna. Tsaga 114 ke nan, a jikin 'yar mutane da ba ta yi laifin komai ba.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta, bayan shekara biyu ya tafi da ita ƙasarsu. Can ta zama mai reno a gidan wani mai suna Michieli. Da tafiya ta kama uwargidan zuwa Suakin, sai ta ba sistocin Kanosa na birnin Benis amanar Bakhita da 'yar da take reno. Da ta dawo ɗaukarsu, Bakhita ta ce ba inda za ta. Aka yi lallami, aka yi barazana, ta kafe. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 hukuma ta yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba. A ganina wannan a'ar ce tushen labarinta: yarinyar da ba a taɓa neman ra'ayinta ba ta zaɓi inda za ta zauna da Wanda za ta bauta wa.

An yi mata baftisma a 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a 1896. Daga 1902 tana garin Schio, tana girki, tana tsaron ƙofa, tana sauraron duk mai damuwa, har rasuwarta ranar 8 ga Fabrairu 1947.

Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyyiya a 2000. Tun 2015 Katolika a duk duniya suke keɓe 8 ga Fabrairu domin addu'a da wayar da kai kan safarar mutane, sistoci masu ceto 'yan matan da aka yaudara zuwa Turai kuwa da sunanta suke neman ƙarfin gwiwa.