Muhammadu Al-Kashinawi, Malamin Haruffa da Hatimi

Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Kashinawi malami ne Bafulatani daga ƙasar Katsina, wanda ya shahara a ilmin haruffa da hatimi da taurari, ya kuma rasu a birnin Alƙahira a shekarar 1741. Ya tashi a zamanin da Katsina take cibiyar karatu, bayan wucewar Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Cikin malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu akwai Shehu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagirmi da Shehu Muhammadu Bindu. Wajen 1730 ya kama hanyar aikin Hajji, ya zauna a ƙasar Hijaz, daga baya ya yada zango a Masar, inda ajali ya same shi.

Ilmin da ya yi suna a kansa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma a tsangayoyin Gaya ko ƙauyukan Ajingi. Malam yakan ɗauko allo, ya tsoma alƙalami a tawada, ya ja layuka tsaye da kwance har su fitar da gidaje, sannan ya zuba lamba ko harafi a kowane gida. Tushen abin shi ne lissafin abajada, inda kowane harafi yake da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har dubu. Mafi ƙanƙantar hatimi shi ne musallasi mai gida tara, wanda ake jingina wa Imam Gazali. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Duk ta inda aka haɗa, tsaye ko kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Masu wannan fanni sun lura cewa 15 shi ne adadin sunan Hawwa'u, jimillar gidajen duka kuwa 45, adadin sunan Adamu. Daga irin wannan dacewa ne suka gina fahimtarsu cewa Allah ya tsara halitta bisa ƙidaya da ma'auni, kuma haruffa suna ɗauke da wani sirri na wannan tsari.

A 1732 Al-Kashinawi ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafinsa a kan haruffa da aufaƙi, wato hatimai. A nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin bai tsaya ga kwafo hatiman magabata ba. Ya bayyana ƙa'idojin gina hatimi mai mara, wato mai gida uku uku, ko biyar biyar, ko bakwai bakwai a kowane gefe. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a ajiye lamba, a tsallaka gida biyu gaba da ɗaya a gefe, a ajiye ta gaba. In tafiya ta fita daga iyakar hatimin, sai a shigo ta ɗaya ɓangaren. Da haka mai biyar biyar zai ba da 65 ta kowace fuska, mai bakwai bakwai ya ba da 175. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma ko wanda bai yarda da sirrin hatimi ba zai iya gwada shi da fensir a bayan littafi ya ga ya fita daidai.

Littafinsa na biyu, Addurrul Manzum, ya shafi taurari da ɗalasimai, ya kuma dogara da Assirrul Maktum wanda ake jingina wa Fakhruddin Arrazi. An buga shi a Alƙahira a ƙarni na 20. Ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi ma.

Neman sirri a cikin haruffa bai taƙaita ga Musulmi ba. Yahudawa suna da nasu ilmin ɓoye, Kabbala, inda su ma suke lissafa haruffan Ibrananci. Babban malaminsu a wannan fanni, Ishaƙ Luriya, ya girma a Masar, ya rasu a garin Safad na Falasɗinu a 1572, kusan shekara 170 kafin rasuwar Bakatsinen.

A Alƙahira Al-Kashinawi ya sauka a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, masanin falaki da lissafi, wanda ya karanci ilmin aufaƙi a wurinsa. Abin lura ne ƙwarai a ce babban malami na birnin Alƙahira ya zauna gaban baƙo daga ƙasar Hausa yana ɗaukar darasi. A wannan gida Al-Kashinawi ya rasu, bayan ya yi wasiyya cewa mai masaukinsa ne zai kula da abin da ya bari har da littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma ya sa tarihin rayuwar malamin a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Ta wannan hanya aka san yawancin abin da aka sani game da shi.

Malamai sun daɗe da saɓani a kan wannan ilmi. Ibn Khaldun ya kusanta shi da sihiri tun ƙarni na 14, kuma a Arewa a yau akwai masu ganin hatimi da laya tsibbu ne da ya kamata a guje wa, akwai kuma masu riƙe da shi a matsayin sirrin da ake karɓa da izinin shehi. Masana tarihin lissafi sun bi ta wata hanyar dabam. Akwai kwafin rubutun hannu na littafin Al-Kashinawi kan hatimi a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, kuma Claudia Zaslavsky ta yi bayanin ƙa'idojinsa a littafinta na 1973 a kan lissafi a Afirka. Tun daga lokacin ake ambaton sunansa cikin masana lissafi na nahiyar, ko da yake ɗaliban sakandare na Kano da Katsina ba kasafai suke jin labarinsa a aji ba.