Giwar yaƙi

Giwar yaƙi ita ce giwar da aka horar domin shiga fagen fama. Aikinta shi ne fasa sahun abokan gaba, da tattake dakaru, da firgita dawakan da ba su saba da warinta ba. A Indiya aka fara amfani da ita.

Tarihi

A shekarar 326 kafin Miladiyya, Sarki Porus ya tari rundunar Iskandar na Masedoniya da giwaye a bakin kogin Jhelum. A 218 kafin Miladiyya kuma, Hannibal na Kartaj ya nufi tsaunukan Alps da giwaye 37 don yaƙar Rumawa. Abraha ma ya tunkari Makka da giwa wajajen 570 Miladiyya, shi ya sa ake kiran shekarar da Shekarar Giwa.

Illarta

Idan giwa ta razana, ba ta bambance nata da na abokan gaba. A yaƙin Zama na 202 kafin Miladiyya, ƙarar ƙahonin Rumawa ta juya wasu giwayen Hannibal kan mahayansa. Zuwan igwa ya ƙara fito da wannan illa: a Panipat a 1526, igwoyin Babur sun tarwatsa giwayen Ibrahim Lodi.